Shagon da ya juya mana shafin intanet baibai kamar jakar fata

A gidanmu ba a yaba jaka daga waje. Idan yaro ya gama ɗinki ya kawo, Baffa zai karɓa, ya zura hannu ciki, ya juyo ta baibai, ya bi layin ɗinkin da babban yatsa tun daga baki har gindi. In ya ji ƙulli inda bai kamata ba, ko zare ya tsallake rami ɗaya, zai miƙo maka abinka bai ce uffan ba. Tun yana gani haka yake yi. Yanzu da hawan jinin ido ya rufe masa idanu, shekara tara ke nan, sai ma abin ya ƙara tsanani. In ba don shi ba, da har yau ban san akwai bambanci tsakanin shafin intanet ɗin da aka yi mana bara da wanda aka sake mana bana ba, domin a ido kusan ɗaya suke.

Mu dukawa ne na Shiyar Madunka a nan Sakkwato, sana'ar kaka da kakanni. Ni kaɗai boko ya yi nisa da ni, don haka da safe ina aji ina koyar da lissafi, da yamma kuma wayar ciniki tana hannuna. Muna yin tumtum, gafaka, alabe, sufadu, huffi, kube, jakunkunan mata, muna kuma sayar da jemammiyar fatar jar akuya ga mai son ya ɗinka da kansa. Mutanen nesa sun fi biya da daraja: Abuja, Legas, Fatakwal, wani lokaci har masu yi wa littafi bango daga Ingila, waɗanda suka san cewa fatar da kakanninsu ke kira da sunan Maroko, da yawanta daga ƙasar nan ayari ke ɗaukarta ya ratsa Sahara. To mutumin nesa ba zai zo ya taɓa kaya ba. WhatsApp ya yi mana rana, amma na gaji da tura hoto 40 ga kowane mai tambaya, ya gama kallo ya ce zai waiwayo.

Bara wani yaro, abokin ƙanen abokina, ya yi mana shafi a kan Naira 60,000. Kada in tauye masa haƙƙi, abin ya ɗauki ido. Hotuna na sulɓewa ɗaya bayan ɗaya, ga ja irin na karan dafi, ga sunan gidanmu da manyan baƙaƙe. Na nuna wa Baba ya ce madalla. Sai na kai wa Baffa. Wayarsa Android ce, yana amfani da TalkBack, manhajar nan ta Google mai karanta wa makaho abin da ke fuskar waya, kuma shekara 20 da ya yi yana sayar wa Turawa fata a Legas ta sa Turanci ba ya yi masa gizo. Ya riƙa jan yatsa dama, muryar tana ta zuba ba kai ba gindi: wannan mahaɗi ne, wannan ma mahaɗi ne, hoto marar suna, maɓalli marar suna. Farashin ma ba ta karanta ba, ashe yaron a jikin hotuna ya rubuta shi. Da abin ya ishe shi sai ya ajiye wayar a kan buzu.

"Wanga abu naku," in ji shi, "ɗaki na da anka zube kaya ba a jera ba. Ina ƙohwa, ina taga?"

Na ji haushi, na ɗora wa wayarsa laifi. Wata abokiyar aikina mai koyar da kwamfuta ce ta ce mini wayar ba ta da laifi, ta kuma kwatanta mini wani shago na masu gina shafukan intanet. Ba zan kama sunansa ba, saboda abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, kuma yara ne masu neman na kansu. Ɗaki ɗaya ne a saman bene ta wajen Gawon Nama, fanka biyu, sola a rufi, mutum uku a ciki. Mai shagon kowa Injiniya yake kiransa. Akwai wata yarinya da ta karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ni Malama nake ce mata, sai ƙaramin yaro mai ɗaukar hoto da aike. Watan Afrilu ne na fara zuwa, zafin nan da ke haura maki 40, kuma kwamfutocinsu uku suna ƙara wa ɗakin nasu hucin.

Malama ce ta karɓe ni. Ta buɗe shafinmu, ba ta ko kalli hotunan ba, ta danna wasu maɓallai biyu sai ga rubutu ya cika fuska kamar tururuwa. Ta ce wannan shi ne cikin jakar. Sunan rubutun HTML, harshen da ake gina kowane shafi da shi tun lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a cibiyar CERN ta Suwizalan wajen 1990. Kusan kowane abu a shafi ana kewaye shi da alama, ta buɗewa da ta rufewa. Ta ce in duba wace kalma ce ta fi yawa. Ban sha wahala ba: div, div, div, wani cikin wani, har na gaji da ƙirga. Ta ce div buhu ne marar rubutu a jiki. Yana ɗaukar kaya, ana iya shafa masa launi, a jera shi inda ake so, amma ba ya gaya wa kowa abin da ke cikinsa. Mai ido yana kallon girman rubutu da launi ya gane cewa nan ne kan magana, can ne jerin kaya. Na'ura ba ta da wannan basirar. Abin da aka rubuta mata kawai take sani, kuma namu ba a rubuta mata komai ba. Hatta manyan baƙaƙen da na ɗauka kanun magana ne, rubutu ne gama-gari da aka kumbura.

Akwai wasu alamomin, in ji ta, da ke faɗin ma'anarsu da kansu, waɗanda suka zo da HTML5, zubin HTML na 5, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar a watan Oktoba na 2014. Alamar nav ta jerin hanyoyin shiga ce. Alamar main ita ce ainihin abin da ya kawo mutum shafin, guda ɗaya tak. Alamar footer ta gindin shafi ce. Alamar article ta abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa ne ko an cire shi an kai wani wuri. Sai section, wadda ta fi daɗewa tana yi mini bayani a kanta: sashe ne na abubuwan da magana ɗaya ta haɗa, kuma a bisa ƙa'ida yana da kanu a samansa. Na ce mata ai wannan tsarin garinmu ne. Baƙo ya sauka tasha ya ce a kai shi Maƙera, ko Majema, ko Madunka, ɗan kabu-kabu ba zai tambaye shi me ake yi a can ba, sunan ya riga ya faɗa. Ta yi dariya ta ce ta ari wannan misalin ke nan, ba za ta mayar ba.

Muka yi ciniki a kan Naira 150,000, rabi a fara, rabi in an gama, mako biyu. Na koma gida ina lissafin tumtum nawa ke nan.

Abin da ya fi burge ni da aikinsu ba a kwamfuta aka yi shi ba. Malama ta ba ni farar takarda ta ce in je in raba kayanmu gida-gida, kowane gida in ba shi suna, kada sunan ya wuce kalma uku, kuma ba za su taɓa komai ba sai na dawo da ita. Na ɗauka aikin minti goma ne. Na raba su yadda muke raba su a wurin aiki: na fatar akuya, na fatar tunkiya, na ƙirgin sa. Ta duba ta tambaye ni ko matar da ke Abuja mai neman kayan ɗakin 'yarta ta san tumtum da fatar me ake yi. Na sake komawa. A wannan karon na zauna da Baba da Baffa bayan sallar isha'i, aka yi gardama kamar ana rabon gado. Huffi ne ya fi ba mu wahala. Ni na sa shi cikin takalma, tunda a ƙafa ake sa shi. Baba ya goyi bayana. Baffa ya ce sam.

"Wa ka sayen huhhi? Malami na, ko mai shirin Makka, ko tsoho mai jin ɗari ga alwala. Shi na mai sayen buzu, shi na mai sayen gafaka. Ku aje su wuri guda, ku ce kayan malamai."

Haka aka yi. Kube da kayan adon doki suka tafi kayan hawa, domin masu neman su gab da Sallah suke ɓullowa. Tumtum da matasan fata suka zama kayan ɗaki. Jakunkuna, alabe da sufadu suka zauna tare. Jemammiyar fata ta samu gidanta ita kaɗai, tunda mai sayenta ba ya kallon sauran. Aka ƙara sashe na yadda ake jima, daga jiƙa fata da tuge gashi zuwa ruwan bagaruwa da rinin karan dafi, saboda mutanen waje suna yawan tambaya, sai na ƙarshe na yadda ake saye da aikawa. Bakwai ke nan. Ni da na girma cikin warin jima ban taɓa tunanin kayanmu ta fuskar mai saye ba sai da yarinyar nan ta tilasta mini. Ko da a nan suka tsaya, da na ce wani ɓangare na kuɗina ya halatta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mako biyu ya zama mako biyar. Malama ta tafi bikin yayarta a Birnin Kebbi, Injiniya ya karɓi aikin, kuma a lokacin yana da wani babban aiki na wata makaranta da ya fi namu tsoka. Ka kira ba a ɗauka ba, ka tura saƙo a karanta a yi shiru, bayan kwana biyu a ce maka "Yallabai an kusa." Na fi son a ce mini kai tsaye sai wata mai zuwa. Wannan ɗabi'ar ba su kaɗai ke da ita ba, teloli da makanikai sun riga su, mu dukawa ma ba mu tsira ba in Sallah ta matso, amma wanda ya ba da Naira 75,000 yana da haƙƙin a ɗauki wayarsa.

Da ya kira ni in zo in gani, na ce da Baffa zan zo. A nan na ga wani abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Matakalar benen ƙunci gare ta, ba ta da abin dafawa, tsayin matakan ma ba ɗaya ba ne. Sai da na shiga gaba, yaron shagon ya tsaya baya, muka hau da dattijo kamar ana hawa da tulu. Mutanen da suka damu da yadda makaho zai bi shafi, ba su tsaya sun duba yadda zai iso ƙofarsu ba. Na san haya suke yi, amma guntun bututun ƙarfe a jikin bango bai fi ƙarfinsu ba.

A laftof ɗin shagon akwai NVDA, manhajar karatu ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina, aka fara ta a 2006. Da ita, in ka danna harafin H kana tsallakawa daga kanu zuwa kanu, in ka danna D kana tsallakawa daga babban zango zuwa babban zango, wato manyan ɓangarorin shafi irin su nav da main. Aka ɗora yatsan Baffa a kan H. Ya danna, muryar ta faɗi sunan gidanmu, kanu mataki na 1. Ya sake dannawa: kayan ɗaki, mataki na 1. Kayan malamai, mataki na 1. Kayan hawa, mataki na 1. Ya cire hannunsa.

"Injiniya, wanga gida masu gida nawa gare shi? Kowa na ji shi na babba."

Injiniya ya ce haka ake yi yanzu, kowane section sai a fara shi da h1, wato kanu mataki na 1, burauza, manhajar buɗe shafi, ita ce za ta lissafa matsayinsa da kanta gwargwadon zurfinsa. Bai faɗa don ya yaudare mu ba, haka ya koya daga tsofaffin darussan bidiyo. Da Malama ta dawo ta warware mana: lallai an taɓa rubuta wannan tsarin a cikin ƙa'idojin HTML, amma babu burauzar da ta taɓa aiki da shi, har ƙungiyar WHATWG mai kula da ƙa'idojin ta cire shi a 2022. Matakan kanu shida ne, daga h1 zuwa h6, kuma mai gini ne zai jera su da hannunsa: sunan shafi shi ne na 1, sassa bakwai ɗin nan na 2, kowane kaya a ƙarƙashinsu na 3, ba a tsallake mataki don kawai ana son ƙaramin rubutu. Girman rubutu aikin ado ne, wani fayil daban ke kula da shi.

Akwai kuskure na biyu da ta gano, wanda ya fi ba ni dariya. Injiniya, da ya ji an ce div ba shi da ma'ana, sai ya bi kusan duk div ɗin ya mayar da su section. Jan layin ado ma section, akwatin da ke riƙe hotuna a jere ma section. Ta liƙa shafin a ma'aunin kyauta na W3C, ya riƙa nuna mata sashe bayan sashe da ba su da kanu. Ta ce ƙa'idar da kanta ta faɗa cewa section ba buhun zuba komai ba ne, in ado kawai ake nufi div ne daidai. Gwajinta mai sauƙi ne, ni ma yanzu ina iya yin sa: in ba za ka iya ba abu suna da zai shiga jerin abubuwan da ke ciki ba, to ba sashe ba ne. Ta kuma nuna mini wani abu da ban zata ba. Alamar section ita kaɗai, manhajar karatu ba ta ɗaukarta a matsayin zango sai an ɗaura mata suna, ta hanyar wata 'yar ƙarin alama da ke nuna kanun da ke samanta. Saboda haka kanun ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ba ta ma ɗaura wa duka bakwai ɗin suna ba, ta ce zango in ya yi yawa ya zama surutu, ta zaɓi sashen saye da aikawa kawai, wanda mutum zai so ya faɗa kai tsaye. Ta ambaci wata cibiya mai suna WebAIM a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka, da ke yawan tambayar masu amfani da irin waɗannan manhajoji yadda suke neman abu a dogon shafi, kuma amsar da ke rinjaye ita ce bin kanu.

Gyaran ya ci mako ɗaya, ba su ƙara mini ko kwabo ba, Injiniya kuma bai yi girman kai ba. A gabana ya ce wa Malama ta fi shi sanin wannan fannin. Na girmama shi a kan haka fiye da yadda na ji haushin wayata da bai ɗauka ba.

Ranar da aka gama na nuna wa Baba. Ya sa tabarau, ya ja shafin sama, ya ja ƙasa, ya dube ni.

"To mi anka canza? Kuɗɗin ga duka, ja ɗin nan dai shi na, hotunan nan dai su na."

Ban da amsar da zan ba shi, domin gaskiyarsa ce. Alamar section da div, in ba a yi musu ado ba, kamanninsu ɗaya a fuskar waya. Duk mai shirin kai irin wannan aikin ya san da haka tun wuri, kada ya je yana jiran walƙiya. Na miƙa wa Baffa wayarsa. Ya saita TalkBack a kan bin kanu, ya ja yatsa ƙasa: kayan ɗaki. Ya bi ta kan tumtum da matasai, sai ga kayan malamai, sai ga gafaka. Ya ja dama, muryar ta karanta bayanin, fatar akuya, rinin karan dafi, ɗinkin hannu, ta faɗi kuɗin. Duka bai kai minti ɗaya ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a zauren nan ranar ji ne ya kori gani. Bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi farashin gafakar kuskure ne, na bara ne, fata ta tashi tun bayan Babbar Sallah. Wata takwas tsohon shafin yana ɗauke da wannan kuɗin, mu masu ido ba wanda ya lura.

Ban da Baffa, ga abin da ni na gani a hannuna. Shafin yana buɗewa da sauri ko a inda sabis ke rawa, domin rubutu ya koma rubutu, an daina loda shi a matsayin hoto. Kowane sashe yana da nasa guntun adireshi, don haka in wani ya tambaye ni kayan hawa a WhatsApp, mahaɗi ɗaya nake tura masa ya faɗa daidai wurin, ba hoto 40 ba. Na yaba wa section a kan wannan, Malama ta ce a'a, ko div aka ba wa lamba zai yi haka, amfanin rabon da muka yi a takarda ne nake ci. Ina son mai aikin da ke ƙin karɓar yabon da ba nasa ba. Haka ma ranar ciniki, Injiniya ya fara cewa wannan tsarin zai kai mu sahun farko a Google, ta katse shi ta ce yana taimaka wa na'ura ta fahimci shafin, amma ba wanda zai iya yi mini alkawarin sahu. Ciniki dai bai ninka ba. Tambayoyin banza ne suka ragu.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ma sun gyaru. A tsohon shafin, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya faɗo sai ka ga ɗan akwati a wasu wayoyin, "ɗinki" ya koma akwati da "inki". Sun canza salon rubutun zuwa wanda ke ɗauke da su, sun kuma rubuta a can sama cewa harshen shafin Hausa ne. Wannan bai hana muryar wayar Baffa karanta Hausa da bakin Bature ba. In ta zo kan "sufadu" yara har taruwa suke su ji. Wannan ba laifin shagon ba ne, muryar da ke wayarsa ce, shi kuma ya saba da ita kamar yadda ya saba da Hausar Turawan Legas.

Wani abin da suka yi mini da ban roƙa ba: yaron farko ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar adireshin shafinmu, kuma da na nemi ya mayar mini sai ya shiga ɓuya. Su Malama suka ce in bar shi, suka zaunar da ni na yi sabuwar rajista mai ƙarewa da .com.ng da sunana, da imel ɗina, lambar sirri kuma ni na zaɓa suka kau da kai. Duk wanda za a yi wa shafi ya tsaya a kan wannan, ko da ɗan'uwansa ne mai yin.

Saura inda suka gaza, bayan jinkiri da matakala. Bayanin hotuna, wanda manhajar karatu ke faɗa a madadin hoton, rabi kawai suka rubuta da kyau. Sauran yaron shagon ne ya cike su da "hoto 1", "hoto 2", sai da Baffa ya kama su, na zauna dare biyu ina rubuta "tumtum ja da baƙi mai zanen dagi a tsakiya" da makamantansu. Rasit ɗinsu guntuwar takarda ce da biro, babu inda aka rubuta nawa zan biya baɗi don sabunta wurin ajiyar shafin, da baki aka faɗa mini, kuma baki ba ya zama shaida in Naira ta motsa. Shawarata ga mai zuwa: a rubuta komai, kuma kada ka cika rabin kuɗin ƙarshe sai ka kunna TalkBack a wayarka, yana nan cikin saitin kusan kowace Android, ka rufe ido ka nemi kaya ɗaya da kanka. Ka fara koyon yadda ake kashe shi tukuna, ni sai da na kai wa Baffa tawa ya fitar da ni.

Mafi girman bashin da nake bin su shi ne koyarwa. Cikin cinikin har da zama biyu da za a nuna mini yadda zan ƙara sabon kaya ba tare da na rusa jerin kanun ba. An yi ɗaya, rabin sa'a, sola ta yi sanyi aka tashi. Farashi ina iya canzawa yanzu, da addu'a. Amma mun fara yin sabuwar zabira, wata biyu ke nan tana rataye a shago ba ta hau shafi ba, saboda ina tsoron in kwafi article ɗin gafaka in manta alamar rufewa. Kuma ba a ma gama shawara a gida ba kan ko zabira kayan malamai ce ko ta bi jakunkuna, Baba da Baffa kowa ya kafe. Injiniya ya ce in zo Asabar mai zuwa da hantsi, karo na uku ke nan da yake sa mini Asabar. Baffa ya ce tare za mu je, in kuma ba a sa abin dafawa a matakalar ba, a ƙasa zai zauna a sauko masa da laftof ɗin.